Makullin Motar Torleif

Na tarar da mijina Torleif ya baje taswira a kan tebur, hancinsa kamar zai taɓa takardar, yana jan layi har iyakar Finland.

"Hasken arewa za mu je gani," ya ce, wato hasken nan mai launi-launi da ke bayyana a sama da dare a ƙasarmu ta sanyi. "Nan bakin teku gajimare ya ƙi yayewa."

Na kwashe da dariya. "Kai ɗin? Kai da kake kiran baƙi masu cika bas su zo kallonsa tumakin bas? Shekara sittin yana rawa saman rufinka, ba ka taɓa ɗaga kai ba sai don duba iskar kamun kifi. Tsufa ne ko taɓin hankali?"

Ya miƙe. Ya fita ya shafa tayoyin motarsa masu ƙusoshin hana santsin ƙanƙara ɗaya bayan ɗaya, ya dawo.

"Saura hular 'yan yawon buɗe ido mai tuntu," na ce. "Maƙwabta su sha kallo."

Sai ya lalubo hannuna, ya danƙa min makullin motar da ko sitiyarinta bai taɓa bari na riƙe ba.

"Ke za ki tuƙa, Gunvor. Likita ya ce kafin ƙanƙara ta narke, ɗan ganin da ya rage min ma zai tafi."