Gawar Jabez

Ƙafafun Jabez ba su gama lilo a igiya ba, Likita Fenwick ya kutso cikin taron da 'yan dako biyu da keken doki.

Tabita, matar Jabez, ta san dokar. Wanda aka rataye saboda kisan kai ba a ba iyalinsa gawa, likitoci ake miƙa wa su feɗe ta a gaban ɗalibai. Ba ta musa cewa mijinta ya kashe mai gadin daji a wurin faɗa ba. Abin da take so kawai shi ne ya shiga kabari da jikinsa cikakke. Mutumin da aka yi gunduwa-gunduwa da shi, da me zai tashi ranar kiyama?

Duk faɗin Ingila babu wanda ta tsana kamar Fenwick. Shi ne ke zama a gidan shan gahawa da masu ilimin zamani, suna cewa hankali ya zo, camfi ya mutu. Shi ya sa aka kori tsohuwar da ke sayar da layu a bakin coci. Kwanan nan ya rage zuwa wurin muhawarar, amma bakinsa bai mutu ba.

Ana sauke gawar mata suka yi caa a kanta. Kowa ya san in aka shafa hannun wanda aka rataye a kan maƙoƙo ko wani kumburi tun da ɗuminsa, ciwon zai bi mamacin ƙasa. Wata tsohuwa ta turo jikarta gaba, wuyan yarinyar ya yi suntum.

"Ranka ya daɗe, shafa ɗaya tak, kafin ya huce."

"Gawa nama ce, tsohuwa, ba ta warkar da kowa," in ji Fenwick, murya a dishe. "Jahilcinku ne ciwonku."

Ya kai mata sanda a hannu. Taron ya ɗau ihu, ruɓaɓɓen kabeji ya fashe a kafaɗarsa. Tabita ta riƙe bayan keken.

"Mahauci. Ka rasa naman fawa sai mijina?"

"Ki kai kukanki wurin alƙali."

"Allah ya nuna mini ranar da za a shimfiɗe ka a teburin nan naka."

Fenwick ya juya kan gawar. Ya yanke igiyar da ta ɗaure hannuwan Jabez da kansa, ya lulluɓe gawar da bargo mai kauri, ya ce wa mai keke ya zabga wa dokin bulala. Yatsun Tabita suka kuɓuce daga keken, ta faɗi a taɓo.

Ta tashi ta bi sawun ƙafar keken, wuƙar yanka kifi a cikin zaninta. Tana tsammanin zauren fiɗa za su nufa, inda ɗalibai ke jira tun safe. Sai keken ya karya kwana ya shiga lungun bayan gidan likitan. 'Yan dakon suka shigar da gawar, suka fito suna gunaguni an sallame su ko giya ba a ba su ba. Ashe ma shi kaɗai zai yi aika-aikar, ba mai shaida abin da zai cire ya jiƙa a kwalba.

Don sauri ko sakata bai sa ba. Ta tura ƙofar a hankali.

Jabez na kwance a tebur, bargon na kansa. Fenwick ya ba ta baya, ya durƙusa a gefensa, hular gashinsa a ƙasa. Ta zaro wuƙar. Katakon daɓen ya yi ƙara a ƙarƙashin ƙafarta, kafaɗunsa suka ƙage, amma bai juyo ba.

"Za ki tafi da shi ko ƙwarzane babu," ya ce. "Ni zan san abin da zan gaya wa alƙali. Ki bar ni in gama, kuma kada kowa ya ji."

Ta zagayo teburin, wuƙar a ɗage.

Ya kwance farin ƙyallen da ke naɗe a wuyansa, ya kama hannun Jabez da hannu biyu, yana goga shi a kan wani ƙulli mai girman ƙwan agwagwa a maƙogwaronsa, yana raɗa addu'ar da tsofaffin mata ke yi a gindin igiyar rataya.