Hannun Baba a Hoton Ɗorawa

Daminar farko bayan samun 'yancin kai, iska ta kayar da ɗorawarmu cikin tafkin bayan gari. Kawu ya zo daga Zariya da kyamara, yana so ya ɗauke ta kafin a sare.

"Kul ka hau, wurin da zurfi," in ji Baba.

Ni kuwa lallai sai na fito a hoton. Ina hawa reshe ya karye, ruwa mai warin taɓo ya cika mini hanci. Baba ya cafko rigata daidai lokacin da Kawu ya danna.

Har Baba ya rasu bai yarda an ɗauke shi hoto ba. Hannun nan kaɗai muke da shi. Allah ya yafe mini taurin kai, amma na kasa yin nadama.