Tambayar da Ba Ta Isa Kunnen Mai Daddawa Ba

Aminiyata, tun da kika gaya mini jikin Baffa ya yi nauyi, kuma kun haɗa baki a gida kada a bar likita ya faɗa masa komai, hankalina ya ƙi kwanciya. Ni ba malama ba ce, kin san da girmana na koyi haɗa baƙi, a littattafan yarana. Amma ga wani misali, ki karanta ke kaɗai.

An yi wata tsohuwa mai daddawa a wani ƙauye, irin matan nan da ba su san zama ba, daga dafa kalwa sai surfe, daga surfe sai wanki a rafi. Tana da ƙanwa guda, uwa ɗaya uba ɗaya, katanga ce kawai tsakanin gidajensu, amma shekara bakwai suna gaba, a kan wata magana da aka yi a wajen suna wadda ita kanta ta manta farkonta. Kullum tana cewa a ranta, bari damina ta wuce in shiga in ce ta yafe mini. Damina ta wuce, wata ta zo. Sai ciwo ya kama ta a ciki. Aka yi na gida har aka gaji, aka ɗauke ta zuwa babban asibiti a birni, tafiyar yini guda. Mai jinyarta 'yarta ce ta fari. Kin dai san kunyar ɗan fari irin ta mutanen da: tun da ta haife ta ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai "ke", ko ta yi gyaran murya.

Likitar da ke duba ta baƙuwa ce, Hausarta ba ta wuce "sannu" da "ina ciwo" ba. 'Yar ta ɗan yi boko, don haka ita ce tafinta. Wata Talata da hantsi likitar ta jawo kujera ta zauna, abin da ba ta saba yi ba, ta riƙe hannun tsohuwar. Ta ce 'yar ta gaya wa mahaifiyarta cewa ciwon ya wuce inda magani ke kaiwa, ranar kuwa Allah kaɗai ya sani, amma da wuya ta yi nisa. In numfashi ya yi wuya, akwai ɗakin da ake ɗora mutum a na'ura, a zura masa bututu a maƙogwaro, ba ya magana, ba a barin dangi su zauna. Ko kuma a haɗa mata maganin rage raɗaɗi ta koma gida tun tana gane mutane. Wanne take so? Akwai wanda take son gani?

'Yar ta saurari likitar har ƙarshe. A ranta ta ce, wa yake yi wa uwarsa mugun baki, rai ai na Allah ne. Ta juya ta ce, "Inna, likita ta ce ki daure ki riƙa shan kunu, sauƙi na nan tafe." Tsohuwar ta dubi bango ta ce, "Duk wannan doguwar maganar a kan kunu?" Ba ta ƙara ba, don ba a tsare ɗan fari da tambaya. 'Yar kuma ta ce wa likita, mahaifiyarta ta ce a yi duk abin da za a iya. Likita ta rubuta haka. Bayan kwana tara numfashi ya sarƙe, aka tura gadonta wancan ɗaki. Kwana huɗu 'yar tana leƙe ta gilashi, tana ganin leɓe na motsi a gefen bututu, ba ta san ko salati ba ne ko sunan wani. Tsohuwar ta cika da la'asar, babu wanda ya laƙƙana mata kalmar shahada.

Da 'yar ta koma tattara kwanuka da tabarma, matar gadon kusa ta yafito ta. Ta ce, "Baiwar Allah, ai mahaifiyarki ta sani. Duk kika fita ɗebo ruwa sai ta ce mini, da za a mai da ni gida in ga ƙanwata in roƙe ta gafara. Na ce ki gaya wa 'yarki mana. Ta ce, 'yar fari ce, da wane baki? Ga shi ta sa rai zan tashi, kada in karya mata zuciya." Da aka kai gawa ƙauye, ƙanwar ta shigo ba ko mayafi, ta durƙusa gaban makara tana cewa, "Yaya, na yafe, ke ma ki yafe mini." Mata suka yi ta ba ta haƙuri. Amsar da take jira kuwa babu mai ba ta.

Aminiya, tambaya ba ta kawo ajali, shiru kuma ba ya kore shi. Ki bar likita ya zauna da Baffa tun harshensa na hannunsa, wataƙila shi ma ku yake tausayi. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Don girman Allah kada ki gaya wa kowa, ko maigidanki. Abin ya faru da gaske, ƙanwar tana nan da rai, har gobe tana sa wa 'yar albarka saboda jinyar da ta yi, ba ta san an taɓa yin tambayar ba.