Gwajin Tankin Koteswar

"Ka ji ko?" Koteswar ya girgiza kwalbar a kunnen abokinsa Sambayya. Gutsuren busasshen gam da ke ciki ya yi ƙara kamar tsakuwa.

Da wannan gam ya shafe tankin jirgin saman da ya ƙera a bayan gidansu a Guntur, ƙasar Indiya. Fetur ɗin yanzu kuwa haɗe yake da barasar rake, an ce tana narkar da gam, bututu ya toshe, inji ya mutu a sama. Shi ya sa tun farkon bazara ya jiƙa gutsuren a fetur, ya ajiye a saman soro.

"Ko gezau! Gobe sai sama, matsoraci," in ji Koteswar.

Sambayya ya buɗe murfin, ya shinshina, ya tsoma yatsa ya lasa.

"Koti, ai man riɗi ne."

Nanamma, kakar Koteswar, ta ɗago kai daga tsakanin kwalaben tsimin mangwaronta, wanda take jiƙawa a mai da gishiri a nan saman soron.

"Wane sakarai ke yin tsimi da fetur? Tun ranar da ka ajiye na zubar, na sa maka mai na kirki da gishiri. Amma mangwaron nan naka, jikalle, har yau ya ƙi laushi."