Ranar da Inna ta auna bakina

Ina 'yar shekara tara a Aliero, wata la'asar Inna ta ajiye albasar da take yankawa ta kira ni. Gwiwoyina sun daɗe suna kumburi, amma ba su ta duba ba. Ta ce in buɗe baki, ta jera yatsu uku tsakanin haƙorana. Biyu ne suka shiga, da ƙyar, suna yajin albasa.

Ta tallabo haɓata tana juya fuskata.

"Inna, mi aka yi?"

"Babu komi. Gidan wa kic ci abinci?"

Ban yarda da "babu komi" ɗin nan ba, don ba ta saki haɓata ba. Na ce fura kawai na sha wajen maƙwabciyarmu, Gwaggo Hajo. Inna ta daɗe tana kallon katangarsu.

Sai da na girma likita a Jega ya ce amosanin gwiwar ne ya kama muƙamuƙina, haɓar ta daina girma. A lokacin Gwaggo Hajo ta riga ta rasu, ba ta san abin da ya sa muka daina gaishe ta ba. Ni ce na faɗi sunanta.