Bakwai a Agogon Kawu

Kawuna yana wanke hoto a wani ɗan ɗaki a gidanmu na Bungudu, tagar a toshe da bargo. Har yau ina jin tsamin warin maganin wankin hoton a hancina.

Wata rana ya ɗauki kakarmu hoto da tsakar rana, ita da sau ɗayan nan ne kaɗai ta taɓa yarda a ɗauke ta. Ya ce haske ya yi wa fim ɗin yawa, dole a rage masa lokaci cikin magani. Ya miƙo mini agogonsa, ya zaunar da ni a waje.

"Dogon hannu na kaiwa bakwai, ka buga ƙofa."

Na ce to. Ban san bakwai ba, kunya kuma ta hana ni faɗi. Na zuba wa agogo ido har ya kira daga ciki, "Wai mi kake jira?"

Fim ya fito baƙi ƙirin. A takarda kuwa fuskar kaka ta ɓace, sai inuwar mayafi. Ba ta sake yarda ba har ta rasu.

Sai bara na rubuta bakwai da hannuna a ajin manya. Haba Kawu, da ka ɗora yatsa ka nuna mini!