Mai Gina Tituna

Ɓoye aiki don a tafa maka kai kaɗai mugun hali ne, kuma shi ya kayar da wani mai zane a Legas.

Su huɗu ke haɗa wasan kwamfuta a wani ɗaki a unguwar Yaba. Ƙa'idarsu, duk Juma'a kowa ya nuna abin da ya yi, ko da bai kammala ba. Shi kuwa ya daina zuwa, ya daina buɗe saƙonsu, ya kulle kansa yana gina titunan da motar haya za ta bi a wasan.

Ranar da ya kawo, suka yi dafifi a bayansa, kowa na miƙa wuya. Ya buɗe yana murmushi. Har ramukan kwalta ya zana.

"Yaya, hannunka da albarka," in ji shugabarsu. "To, ta ina kwalekwalen zai bi?"

"Wane kwalekwale?"

"Ai mun ajiye motar tuni, wasan ya koma kan ruwa. Sau bakwai na rubuta maka, ranka ya daɗe."

Tituna talatin, gadoji shida, aikin wata biyar, ko ɗaya bai shiga wasan ba.